ZAKAMI A BAYAN GANGA: Me 'Ya'yanmu Ke Nema A Wajen Gangi?

  A wannan wata niyyata ita ce mu ci gaba da batun tarbiyyar 'yan mata, to amma akwai wani al'amari da ya faru a ƙauyenmu a ranin bara wanda ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa, shi ya sa na ga gara in ajiye wancan tukuna, mu tattauna wannan tun ba a gama kawar da amfanin gona an shiga wani ranin ba.

Wata ranar Litinin ce da hantsi, washegarin cin kasuwar Ɗambatta, ina tsakar biya wa yara karatu sai ga wata yarinya ta faɗo ajin ko sallama babu, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta ce, "Malama, wai in ji Inna don Allah ki zo yanzu, Yaya ya yi gamo." Mahaifiyar tasu ɗalibata ce a ajin matan aure, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya shida, kuma wannan Yayan shi ne babba, shekarunsa ba su wuce 19 ba. Ni da kaina na koya masa Ahalari yana ƙarami.

Abin da na tarar ba zan manta da shi ba. An ɗaure masa ƙafa da igiyar guga a tsakar gida, yana ta miƙa hannu yana tsintar wani abu a iska wanda babu mai ganinsa sai shi. Baƙin idonsa ya buɗe ya kusa cinye idon gaba ɗaya, jikinsa zafi rau amma ko ɗigon gumi babu, leɓɓansa sun bushe ƙamas, yana ta hira da mahaifinsa da ya shekara huɗu a ƙasa. Mata sun cika gidan, wata na turara habbatus-sauda, wata na tofi a ruwa, an riga an tura a kira mai ruƙiyya daga ƙauyen gaba. Ni ma kaina, ba zan ɓoye muku ba, karatu na fara yi masa.

Muna cikin haka sai muka ji tsayuwar babura a ƙofar gida. Samari uku suka yi sallama suka shigo, babbansu da kambu a damtse. Ya durƙusa har ƙasa a gaban uwar ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba iska ba ce. Shayi ya sha jiya a wajen gangi, aka yi masa yawa. A ba mu shi mu kai shi asibiti." Su suka kwance shi, suka sa shi a tsakiya a kan babur, su suka yi karo-karo suka biya kuɗin ƙarin ruwa da allurai, su suka kwana biyu a barandar asibiti a kan kwali, suna karɓa-karɓa wajen riƙe shi don kada ya fizge robar da aka sa masa. Baffanninsa kuwa, waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinsa, sai a rana ta uku suka leƙo, da 'yar ledar lemo.

To 'yar'uwa, wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Waɗanda suka miƙa masa gubar da hannunsu, su ne dai suka yi jinyarsa kamar ciki ɗaya suka fito.

MENE NE GANGI?

Ga waɗanda suka tashi a birni, gangi kiɗa ne na 'yan tauri da mafarauta, kuma da sunan ake kiran taron da suke yi. Tauri sana'a ce ta maza mai daɗaɗɗen tarihi a ƙasar Hausa, ta masu cewa sun sha maganin ƙarfe, wuƙa ko takobi ba ya cin jikinsu. A zamanin da, irin waɗannan mazaje su ne ake sa wa a gaba idan mahara sun taso wa gari, ko idan za a shiga dawa farauta, saboda haka ba a yi musu kallon 'yan iska. Suna da shugabanninsu, suna da makaɗansu, har ma akwai mawaƙan da suka yi suna a wannan fage irin su marigayi Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara, wanda har gobe ake sauraren waƙoƙinsa a wayoyin samari.

Abin da ya kamata uwa ta fahimta shi ne, makaɗin gangi ba a gari ɗaya yake zaune ba. Da zarar an yi kaka, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, sai makaɗi ya ɗauki gangarsa da 'yan amshinsa ya shiga yawo, yau ana sunan ɗan wani uban tauri a ƙasar Makoɗa, jibi bikin wani a ƙasar Kunci, mako mai zuwa a tsallaka Kazaure ko a gangara Bici da Tsanyawa. Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai ayarin samari da suke biye da shi duk inda ya sa ƙafa, uku-uku a kan babur, wasu a bayan a-kori-kura, suna kwana a zauren da aka sauke su, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ba a biyansu ko sisi, hasali ma su suke kashe nasu. Kowane cikakken ɗan tauri yana da takensa, wato irin kiɗan da idan makaɗi ya buga kowa ya san da wane ake. Da ya ji taken nan sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi kururuwa ya faɗa fili yana kirari yana gurza wuƙa a cikinsa. Wannan hali shi suke kira tsuma.

A nan ne zakami yake shigowa. Dattawan tauri da na zanta da matansu sun nace a kan cewa tauri na asali ba ruwansa da kayan maye, kuma ban ƙaryata su ba. Sai dai yaron da bai daɗe da shiga ba, wanda ganga ba ta tsuma shi da kanta, yana jin kunyar a gan shi tsaye ƙiƙam kowa na rawar jiki. Sai wani ya ja shi gefe ya ce zo ka sha abin da zai buɗe maka ido, ya cire maka tsoro.

BABBA-JIJI A BAYAN ƊAKINKI

Zakami ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ake kira babba-jiji, wasu su ce haukata-yaro, kuma wannan suna na biyu ya isa wa'azi. Ɗan tsiro ne da yake fitowa da kansa a juji da kangon gida da bakin turken dabbobi, yana da fure mai tsawo kamar bakin kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya kamar bushiya, cikinsu cike da ƙananan ƙwayoyi. An daɗe da sanin samari masu shiga sharo suna amfani da shi don kada su ji zafin bulala. Yanzu kuwa ya fita daga wannan da'ira, ana zuba shi a shayi da zoɓo da kunu a wajen gangi da farauta, har da majalisun bikin aure.

Masana harhaɗa magunguna sun tabbatar akwai sinadarai masu ƙarfi a kowane sashe na wannan tsiro, daga saiwa har fure, manyansu su ne atirofin da hayosin. Likitoci ma suna aiki da su, amma a awo na ƙanƙanin abu, alal misali atirofin ake yi wa wanda ya sha maganin ƙwari irin na feshin gona allura da shi, kuma ana ɗiga shi a ido idan ana son a buɗe shi a duba cikinsa. Aikinsu a jiki shi ne su toshe saƙon da jijiyoyi ke aikawa don a fitar da yawu da gumi da fitsari, su kuma birkita sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa da tantance gaskiya. Shi ya sa za ki ga baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, mutum na ganin mutanen da babu su yana amsa musu magana. Abin kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kuma idan ya farfaɗo ba ya tuna mafi yawan abin da ya yi. Idan ya yi yawa sai jijjiga, sai suma, sai a rasa rai.

Babban haɗarin shi ne ba shi da awo. Ƙarfin gubar ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, daga damina zuwa rani, don haka abin da wani ya sha jiya ya tashi lafiya, shi wani zai sha yau a kai shi makabarta. Mai haɗa shayin kansa bai san me ya haɗa ba.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na wannan shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. A 2025 kuma rundunar 'yan sandan Kano ta ba da sanarwar hana kiɗan gangi saboda masu fakewa da shi suna yawo da makamai. Duk wannan ya yi kyau. Amma kodin a kwalba yake zuwa, ana iya tare shi a hanya. Wa zai tsare kowane juji a ƙasar Ɗambatta?

"MALAMA, SU NE 'YAN'UWANA"

Bayan kamar mako uku da sallamo shi, na aika aka kira mini yaron nan. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa kansa a sunkuye. Na yi masa faɗa iya faɗa, na tuna masa sallolin kwana biyu da suka wuce shi bai san inda kansa yake ba, na tuna masa hawayen mahaifiyarsa. Bai musa ko ɗaya ba. Da na ce to daga yau ka rabu da mutanen nan, sai ya ɗago kai ya ce, "Malama, shayin na bar shi har abada, wallahi ko warinsa ba na so. Amma su ba zan iya barinsu ba. Ranar da Baba ya rasu su suka haƙa kabari. Da damina ta zo ba mu da kuɗin ƙwadago, su goma sha biyu suka zo suka nome mana gona, ko ruwa ba su bari Inna ta dafa ba. Idan na yi kwana biyu ban fito ba sai an zo an tambayi lafiyata. A gidanmu wa yake tambayata?"

Na rasa amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa.

Ya ce a cikinsu ba a kiran juna da aboki, sai ɗan'uwa. Wanda ya shigo da kai shi ne ubangidanka, shi zai tsaya maka idan ka shiga rigima, shi zai fara ajiye gudummawa ranar aurenka. Waɗanda suka sha magani a ƙwarya ɗaya kuwa sun zama kamar waɗanda suka sha nono ɗaya, akwai amana a tsakaninsu, ba a cin amanar ɗan'uwa ko a nemi budurwarsa. Kuma ya ce lokacin da ganga ta ɗauka, mutum ɗari suka amsa da murya ɗaya, sai ka ji kamar ba kai kaɗai ba ne a cikin jikinka, ka manta da talauci, ka manta da maraici. Na lura idonsa har wani haske yake yi yana wannan bayani.

Mu duba ƙauyukanmu da kyau. A da, saurayi a gandu yake tashi, yana noma tare da mahaifinsa da baffanninsa da 'yan'uwansa, maigida shi zai ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya yanka masa gayauna. Yaro ya san matsayinsa, ya san akwai masu bukatarsa. Yanzu a wannan yanki namu da gida ke jikin gida, gona ke jikin gona, babu sauran daji da za a sara, gado ya yayyanka gonaki har wata ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Gandu ya watse, gayya ta zama tarihi, kowa tasa ta fisshe shi. Daga an gama kaka kuwa, in ban da masu ɗan fili a bakin madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Gari, saurayi zai yi wata shida ba shi da abin yi sai zaman dakali ko tafiya ci-rani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. Lokacin da muke kwaleji, malaminmu na ilimin zamantakewa ya taɓa kawo mana misalin wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Grateful Dead, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1965. Cikin shekara 30 sun yi wasa sama da sau 2,300, kuma akwai dubban matasa da suka bar gidajensu suka riƙa binsu gari-gari a tsofaffin motoci, suna sayar da abinci da rinannun riguna a bakin filin wasa don su sami kuɗin mai. Suna kiran kansu dangi, suna ciyar da wanda ba shi da shi a cikinsu, da yawansu kuma suna shan wata ƙwaya mai sa gane-gane da ake kira LSD, suna cewa tana haɗa ruhinsu wuri ɗaya idan kiɗa ya yi kiɗa. Jagoran makaɗan, Jerry Garcia, ya rasu ranar 9 ga Agusta 1995 yana da shekara 53, a wata cibiyar jinyar masu fama da shaye-shaye. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne, tun a shekarun 1980 wasu daga cikin mabiyan da suka gaji da ƙwaya suka kafa rukuninsu a cikin taron, suna ɗaga balan-balan masu ruwan ɗorawa don mai son ya daina ya gane inda suke ya zo su ƙarfafa masa gwiwa. Ba ina yabon rayuwarsu ba ne, Allah Ya tsare mu da ita. Amma sun gane cewa ƙishin dangi ne ya tara su, ƙwayar daga baya ta biyo.

"AI BA GIYA BA CE, GANYE NE"

Wannan ita ce hujjar da samarin ke kafawa, har wasu iyaye ma suna sassautawa saboda ita. To malamanmu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na ƙasar Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: akwai mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, akwai mai birkita hankali ba tare da nishaɗi ba, akwai kuma mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. A kashi na biyu ya kawo misalin banju, wani tsiro da masana suka tabbatar dangin zakami ne kuma gubarsu iri ɗaya ce. Bambancin da ke tsakaninsu yana wajen haddi da najasa ne, amma shan abin da zai gusar da hankali da gangan haramun ne a dukkansu. Hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kare, tare da addini da rai da nasaba da dukiya.

Batun "buɗe ido" kuwa, wanda ya sa yaro ya ɗauka ya sami wata baiwa don ya ga mahaifinsa da ya rasu, wannan aikin guba ne a ƙwaƙwalwa, ko akuya ce ta ci za ta yi ta tangaɗi. Sannan akwai abin dubawa a cikin wasu layu da guraye da sharuɗɗan da ake gindaya wa mai shan maganin ƙarfe, wanda ya kamata a kai wa malamai su tantance, don kada a je neman taurin fata a dawo da raunin imani.

Ita kuwa 'yan'uwantakar, Musulunci bai taɓa raina ta ba. Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, cikin abubuwan farko da ya yi akwai ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, mutum da mutum, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Mu kuma fa? A Islamiyyarmu, kuma na san ba mu kaɗai ba ne, yaro namiji da ya kai shekara 14 ko 15 sai ya sulale, ajin ya koma na mata zalla, babu wanda zai bi sawunsa ya ji dalili. Ni da nake wannan rubutu, shekara biyar yaron nan ya yi da barin ajina, ban taɓa aikawa na tambayi lafiyarsa ba sai ranar da na gan shi a ɗaure. Ubangidansa na tauri kuwa ko kwana biyu bai yarda ya yi bai gan shi ba.

Kafin in ajiye alƙalami, ga abin da jami'in lafiyar da ya duba shi ya ja mana kunne a kai, don wata rana zai yi wa wata amfani. Idan yaro ya dawo daga taro ko biki yana sambatu, baƙin idonsa ya buɗe, jiki zafi ba gumi, a yi addu'a amma a kama hanyar asibiti a lokaci guda, kada a tsaya jiran mai ruƙiyya. Kada a ɗura masa manja ko madara ko tsamiya, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa abin ya tafi huhunsa. Kada a ɗaure shi a rana, a sa shi a inuwa a riƙa shafa masa ruwa da tsumma, a nisanta shi da rijiya da wuta da wuƙa. A tafi da ragowar abin da ya sha in an samu, kuma a gaya wa likita gaskiya, kunya ba ta magani. Sannan uwargida ki zagaya bayan ɗakinki da turkenki, in kin ga tsiron nan ki sa a tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, don ƙananan yara ma suna ɓare shi su ci da sunan wasa.

Mu a namu ɓangaren, mun roƙi limaminmu ya buɗe wa samari karatu tsakanin Magariba da Lisha, mu kuma matan aji muka fara adashin da za a riƙa ba marayu maza jari idan rani ya shigo. Kwasar farko shi aka ba, ya kama hayar ɗan fili a bakin ruwa ya yi tumatir da albasa. Samarin nan uku su suka taya shi dashe, kuma ɗaya daga cikinsu yanzu yana zuwa karatun dare, ko da yake bai cire kambunsa ba.

Daren Larabar da ta wuce an jiyo ganga daga tsallaken fadama har wajen ƙarfe ɗaya. Ranar Asabar da mahaifiyarsa ta zo aji na tambaye ta ko ya je. Ta ce, "Ya je, Malama. Ban runtsa ba sai da na ji ya turo ƙyauren zaure. Na haska idonsa da tocila, ya yi dariya ya ce Inna ruwan leda kawai na sha."